Karatun digiri na biyu ko na uku a ilimin halayyar ɗan Adam a ƙasar waje: daga ina ake farawa?

Autar Mama:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar nan. Na kammala digirin farko a ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji, da sakamako mai kyau, kuma ina son in ci gaba a Amurka ko Ingila. Burina in zama mai duba masu fama da ciwon damuwa da firgici da makamantansu, amma kuma bincike yana burge ni. Abubuwan da suka ɗaure mini kai: dole ne sai na yi digiri na biyu kafin na uku? Waɗanne takardu ake haɗawa, kuma a wane lokaci? Da gaske ne akwai inda ake yafe kuɗin makaranta har a riƙa biyan mutum? Sannan na ji ana cewa ɗalibin waje yakan samu shiga lafiya, amma ya maƙale a tsakiya saboda biza. Me ke jawo haka? Allah ya saka da alheri.

Baban Amira:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin mu je ga takardu, sai kin raba abu biyu da kika haɗa a jimla guda, don hanyarsu ba ɗaya ba ce. Wanda ya karanci ɓangaren bincike, kamar yadda yara ke girma ko yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu ko halayyar mutane a cikin taro, digirinsa yana bin sa duk ƙasar da ya je. Mai duba marasa lafiya kuwa lasisi ne ke ba shi izinin aiki, kuma lasisin na ƙasa ɗaya ne. A Amurka ma kowace jiha da nata. Don haka tambayar farko ita ce: a ina kike son ki zauna ki yi aikin? Amsar ita za ta zaɓa miki makaranta.

A Amurka ba sai kin yi digiri na biyu ba. Daga digirin farko ake tsallakawa zuwa PhD, wato digiri na uku, a kan hanya a ba ki na biyun. Na ɓangaren asibiti yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7, har da shekarar horon aiki ta ƙarshe. A nan ne ake samun abin da kika ji: a yafe kuɗin karatu, a riƙa ba ki alawus, ke kuma ki taya koyarwa ko ki yi aiki a ɗakin bincike, awa 20 a mako. Akwai wani digirin da ake kira PsyD, wanda ya fi karkata ga aikin asibiti, shiga ya fi sauƙi, amma yawanci da aljihunki za ki biya, kuma bashin karatu na gwamnatin Amurka ba a ba ɗalibin waje. Duk wanda kika zaɓa, ki fara dubawa ko ƙungiyar masana fannin ta Amurka, APA, ta amince da tsarin. Idan bai cikin jerinta, samun gurbin horon aiki da lasisi zai zame miki jan aiki.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, a PhD malami kike nema, sunan jami'a ya biyo baya. Sashe ɗaya zai karɓi takardun ɗaruruwan mutane, ya ɗauki waɗanda sau da yawa ba su kai goma ba, kowanne a ƙarƙashin malami guda. Idan malamin da aikinku ya zo ɗaya ba ya ɗaukar ɗalibi a wannan shekarar, ko takardunki na zinariya ne ba za su kai ko'ina ba. Sassa da dama suna saka jerin malaman da za su ɗauki ɗalibai tun daga Agusta ko Satumba. Inda ba a saka ba, ki tura imel gajere, layi biyar ko shida: ke wace ce, wace maƙalarsa kika karanta, wace tambaya ta taso miki daga cikinta, kuma shin zai ɗauki ɗalibi bana? Ki maƙala takardar tarihin karatunki. Wanda ya buɗe da jero yabo da "ina neman taimako" ba a cika amsa masa ba.

Lokaci kuma: idan a Agustan baɗi kike son farawa, yawancin wa'adin miƙa takardu yana faɗowa ne wajen 1 ga Disamban bana. Ana ganawa da waɗanda aka tace a Janairu da Fabrairu, kuma idan an ba ki gurbi mai tallafi, akwai yarjejeniya tsakanin jami'o'i da yawa cewa kina da zuwa 15 ga Afrilu kafin ki ba da amsa. Kada a ruɗa ki ki amsa a gaggauce.

Abin da za ki haɗa: takardar sakamakon kowane zango, wasiƙun shaida guda uku, takardar bayyana manufa, tarihin karatu da aiki, da sakamakon jarrabawar Turanci, TOEFL ko IELTS, wadda shekara biyu kawai take aiki. Wasu jami'o'i suna yafe ta ga wanda ya yi karatu da Turanci, amma kowacce da nata jerin ƙasashe, kada ki ɗauka kina ciki sai kin gani a rubuce. Jarrabawar shiga ta GRE kuwa sassa da yawa sun daina nemanta tun wajen 2020, sai ki duba kafin ki kashe kuɗi. Wasu za su ce sai an auna sakamakonki da ma'aunin Amurka ta hannun kamfani irin WES. Nan ne lokaci ke tafiya, domin daga hannun jami'arki kai tsaye suke son takardun, ba su karɓar wanda kika ɗauko da kanki. Ki fara wannan tun Yuni ko Yuli.

Wasiƙun shaida su ne ke kayar da ɗaliban waje fiye da komai, a ganina. Wasiƙar da ta ce "ɗaliba ce mai ladabi da ƙwazo" ba ta ce komai ba. Wadda ake so ita ce ta malamin da zai iya cewa ke kika tattara bayanan mutum kaza, kika tace su, kika yi ƙididdigar da manhajar kwamfuta irin SPSS ko R, kika gano kuskure a ma'aunin da aka yi amfani da shi. Ki ba masu rubuta miki wata biyu, da takardar manufarki, da jerin wa'adi. Ki kuma roƙe su su tura daga imel ɗin jami'a. A takardar manufa, ki guji buɗewa da cewa tun kina yarinya kike son taimakon mutane. Kowa haka yake cewa. Ki shiga kai tsaye da tambayar da kike son bincikawa.

Malama Mai Alli:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma zan ɗan saɓa masa a wuri ɗaya. E, a ƙa'ida ana tsallakawa daga digirin farko zuwa PhD. Sai dai waɗanda za ki yi gogayya da su da yawansu sun yi shekara ɗaya ko biyu suna aiki a ɗakin bincike bayan digiri, wasu har da sunansu a maƙala. Idan duk binciken da kika taɓa yi shi ne kundin shekarar ƙarshe, to digiri na biyu mai kundin bincike ba ɓata lokaci ba ne, shi zai samo miki wasiƙun da Malam ke magana a kai. Matsalarsa kawai ba a cika samun tallafi a kansa ba.

Bari in ɗauki Ingila, don akwai rami a nan da mutane ke afkawa kowace shekara. Za ki ga digiri na biyu na shekara ɗaya mai suna da ya ƙunshi "saikoloji na asibiti". Yana da kyau a matsayin ilimi, amma ba ya mayar da ke mai duba marasa lafiya. Wannan laƙabin doka ce ta tsare shi, sai wanda hukumar da ke kula da ma'aikatan lafiya, HCPC, ta yi wa rajista, kuma hanyar ita ce digirin dakta na asibiti na shekara uku da ake kira DClinPsy. Kafin ki ma nema, sai ƙungiyar masana fannin ta Birtaniya, BPS, ta duba digirinki na farko ta ba ki shaidar da suke kira GBC. Idan ta ga bai cika sharuɗɗa ba, sai ki yi kwas ɗin cike giɓi na shekara ɗaya. Ana neman yawancin kwasa-kwasan ta wata cibiya guda da ke Leeds, ana zaɓar wuri har huɗu, wa'adi a Nuwamba. Guraben da hukumar lafiya ta NHS ke ɗaukar nauyinsu ana biyan albashi, amma na waɗanda suke da izinin zama da aiki a ƙasar ne. Ɗalibin waje sai dai 'yan guraben biya-da-kanka da wasu jami'o'i ke warewa, kuma kuɗin shekara uku ba wasa ba ne. Suna kuma son ganin kin yi aiki da marasa lafiya a ƙarƙashin ƙwararre.

PhD ɗin bincike a can ya fi sauƙin hanya: shekara 3 zuwa 4, kusan babu zaman aji, ki zo da tsarin binciken da kike son yi, ki samu malamin da ya yarda, a ƙarshe ki kare kundin da baki a gaban masu jarrabawa biyu. Tun 2021 hukumar tallafin bincike ta UKRI ta buɗe wa 'yan waje ƙofa, amma kashi 30 cikin 100 na guraben ne iyakarsu. Na digiri na biyu akwai tallafin Chevening, mai neman shekara biyu ta aiki da kuma alkawarin komawa gida na shekara biyu bayan gamawa.

Biza kuma, jami'a za ta ba ki lambar CAS, shaidar cewa ta ba ki gurbi, sannan ki nuna kuɗin makaranta da na zama na wata tara a asusu. Kuɗin sai ya kwana 28 a jere ba tare da ya sauka ƙasa da adadin ba. Ko da rana ɗaya ce aka cire wani abu da safe aka mayar washegari, jami'in zai ga layin nan a takardar banki, kuma ya isa a ƙi ki. Akwai kuɗin lafiya fam 776 a kowace shekara tun 2024, ana biyan na duka tsawon bizar a dunƙule. Tun Janairun 2024 kuma mai digiri na biyu na zaman aji ba ya zuwa da iyali, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa.

Autar Mama:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Malama. Wallahi da irin wancan digiri na biyun na Ingila nake ta kallo, ashe da na afka ramin. To batun maƙalewa a tsakiya fa? Shi ne ya fi tsorata ni.

Yaya Babba:

Ƙanwata, wannan yawanci matsalar Amurka ce, kuma tushenta ɗaya: karatun asibiti yana tilasta miki aiki a wajen jami'a, ita kuma bizar ɗalibai ta F-1 a cikin jami'a kaɗai ta yarda ki yi aiki, awa 20 a mako lokacin karatu. Duk sauran rigimar daga nan take fitowa.

Farko dai shiga. Jami'a za ta ba ki takardar I-20, shaidar cewa ta ɗauke ki, ki biya dala 350 kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje, ki cike fom ɗin biza na DS-160, ki je ganawa. Ba a shiga ƙasar fiye da kwana 30 kafin ranar fara karatu. Wannan I-20 ɗin ki riƙe ta kamar ƙwai, don ita ce ke ɗauke da ranar da karatunki zai ƙare. Idan kin ga kundi zai ja ki ya wuce ranar, ki nemi ƙari kafin ta cika. Bayan ta cika babu gyara mai sauƙi.

Daga shekara ta biyu ko ta uku za a fara tura ki asibitoci ko makarantu ko cibiyoyin ba da shawara, kwana biyu ko uku a mako. Wannan yana buƙatar izinin da ake kira CPT, kuma yawancin jami'o'i suna neman sa ko da ba a biyan ki ko sisi. Ofishin ɗaliban waje ne ke bayarwa, su buga miki sabuwar I-20. Ki buɗe shafi na biyu ki duba da idonki: sunan wurin, ranar farawa, ranar ƙarewa, da ko na rabin lokaci ne ko cikakke. Idan an rubuta 2 ga Satumba, wurin kuma ya kira ki taron gabatarwa ranar 28 ga Agusta, kada ki je sai an gyara takardar. Kwana biyar ɗin nan aiki ne ba bisa izini ba a idon doka. Sauya wuri ma sai sabon izini.

Babban tarkon yana shekarar ƙarshe. Horon aikin na cikakken lokaci ne, wata 12, kimanin awa 2,000. Doka kuma ta ce duk wanda ya yi CPT na cikakken lokaci wata 12 ko fiye, ya rasa OPT, wato izinin aiki na shekara ɗaya bayan kammalawa. Ga shi jihohi da yawa suna neman ƙarin awoyin aiki a ƙarƙashin ƙwararre bayan digiri kafin lasisi. Kin ga mutum ya gama dakta, amma babu izinin da zai tara awoyin. Yadda ake kauce masa: na rabin lokaci, awa 20 ko ƙasa, ba ya shiga lissafin, don haka ki tsaya a kansa a shekarun farko, kuma ki yi hattara da na cikakken lokaci a hutun bazara, don ana haɗa shi a lissafi. Wasu ofisoshin suna tsara izinin shekarar ƙarshe ya tsaya kafin cikar wata 12, idan wurin horon ya yarda. Wannan magana tun a shekarar farko ake yin ta da jami'in ofishin da shugaban horo na sashe, a rubuce, ba a watan da za ki tafi ba. Ƙarin wata 24 na OPT da ake ba masu kimiyya da fasaha ya danganta da lambar da aka yi wa kwas ɗinki a I-20. Ɓangaren bincike da gwaji yana ciki, na masana'antu da ma'aikatu an ƙara shi a 2022, amma lambar asibiti zalla ba ta ciki. Ki tambayi lambar kafin ki karɓi gurbi.

Shi kansa gurbin horon ba jami'a ce ke ba ki ba. Tsarin APPIC ne, ƙungiyar da ke haɗa ɗalibai da wuraren horo: ki miƙa takardu wajen Nuwamba, a gana da ke, ki jera wuraren da kike so, su ma su jera nasu, kwamfuta ta haɗa a Fabrairu. Asibitocin tsofaffin sojoji da gidajen yarin tarayya, waɗanda suke da gurabe masu yawa, 'yan ƙasa kaɗai suke ɗauka. Jerinki ya riga ya gajarce tun kafin ki fara. Saboda haka ki riƙa rubuta awoyinki tun ranar farko: awa nawa gaba da gaba da mara lafiya, gwajin basira ko na halayya nawa, irin WAIS ko MMPI, kika gudanar, rahoto nawa kika rubuta, awa nawa mai kula da ke ya zauna da ke. Wanda ya bari sai shekara ta huɗu zai zauna yana ƙirga daga ka, kuma shugaban horo ba zai sa hannu a kan ƙiyasi ba.

Kuɗi ma yana maƙalar da mutane. Kafin ki amsa, ki tambaya: tallafin na shekara nawa ne tabbas? Na wata 9 ne ko 12? Ya haɗa da inshorar lafiya da ƙananan kuɗaɗen zango? Manyan tallafin gwamnati da abokan karatunki za su nema, irin na hukumomin bincike NSF da NIH, na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin. Wuraren horo kuma sau da yawa suna da nisa, lasisin tuƙi da mota sukan zama dole.

Sai kundi. Yawancin sassa ba sa barin ki nemi horon ƙarshe sai kin ci babbar jarrabawar cancanta kuma kwamiti ya amince da tsarin bincikenki. Idan kika makara da wata ɗaya, shekara guda ce ta tafi, don sau ɗaya ake zagayen. Kada ki tambayi ko mutum ɗaya tambaya kafin kwamitin ɗa'ar bincike ya ba ki izini a rubuce, bayanan da aka tara kafin izini zubar da su ake yi. Idan a ƙasarku za ki tara bayanai, abu ne mai daraja, amma ki lissafa izini biyu, na can da na gida, da fassara ma'auni zuwa harshen mutanen sannan wani daban ya mayar da shi Turanci a kwatanta. Zaman fiye da wata biyar a waje kuma yana iya taɓa matsayin bizarki idan ba a tsara shi da ofishin ba. Dokokin nan suna sauyawa, don haka duk abin da na faɗa ki sake tabbatar da shi a shekarar da za ki nema.

Baban Amira:

Yaya ya taɓo inda ke ciwo. Na yarda da gyaran Malama kuma. Abu biyu zan ƙara.

Na farko harshe. Cin TOEFL daban, zama da mutumin da ke kuka yana magana da karin harshen unguwarsu yana haɗiye rabin kalmomi daban. A shekarun farko ana ɗaukar zamanki da mara lafiya a bidiyo, mai kula da ke ya tsayar da shi a minti kaza ya ce me ya sa kika yi shiru a nan, me ya sa kika ba shi shawara maimakon ki tambaye shi. Wanda ya taso inda ba a musu da malami yakan ɗauki wannan a matsayin faɗa, ya yi gum, su kuma su rubuta cewa ba ya karɓar gyara ko ba ya bayyana tunaninsa. Ana sa ran ki faɗi dalilinki, ko da kuskure ne. Jami'o'i da dama kuma suna da nasu gwajin magana kafin su bar ki ki tsaya a gaban aji, kuma alawus ɗinki yana iya rataya a kansa.

Na biyu, idan komawa gida za ki yi, jarrabawar lasisi ta Amurka, EPPP, ba lallai ta amfane ki ba. Abin da hukumar ƙasarku za ta nema shi ne shaidar abin da kika karanta da awoyin da kika yi. Ki rubuta musu tun yanzu ki ji sharuɗɗansu. Sannan ki ajiye manhajar kowane kwas, da takardar awoyi mai sa hannun kowane mai kula da ke da lambar lasisinsa, kafin ki bar wurin. Bayan shekara biyar mutumin ya yi ritaya ko ya koma wata jiha, cibiyar ma wataƙila ta canja suna.

Autar Mama:

Allah ya ƙara ilimi. Tambaya ɗaya ta ƙarshe, Malama: jami'a nawa ya kamata in nema?

Malama Mai Alli:

Na PhD ɗin asibiti a Amurka mutane kan nemi goma zuwa sama, saboda ƙarancin gurbi, kuma kowacce da kuɗin fom ɗinta, wanda ba a cika yafe wa 'yan waje ba. Amma ki fara ƙirga malamai tukuna. Ki buɗe takarda ki yi layuka: sunan malami, abin da yake bincike, ko yana ɗauka bana, ko sashen yana tallafa wa ɗalibin waje, lambar kwas, wa'adi. Duk layin da kika kasa rubuta jimla biyu kan dalilin da ya sa shi ne, ki goge shi. Idan shida suka rage, shida za ki nema, ki haɗa da digiri na biyu mai bincike guda biyu ko uku a gefe, waɗanda wa'adinsu yakan kai Janairu zuwa Maris.